Ɓarnar Auta a Cinyar Baba

Mu magidantan Tasawa da Mayahi muna da wata ɗabi'a da kowa ya sani, amma ba mai faɗinta a bainar jama'a: muna son ƙiriniyar ƙananan ƴaƴanmu, muna kuma jin daɗinta fiye da yadda fuskokinmu ke nunawa. In aka tambayi mutum a fada ko yana ɗaukar yaro, sai ya gyara zaman hularsa ya ce ai reno na mata ne. To, a leƙa zaurensa bayan la'asar. Za a tarar da shi zaune bisa tabarma, ɗan shekara biyu ya haye masa kafaɗa, hannu ɗaya cikin gemu, ɗayan yana laluben aljihu, shi kuwa yana ta "kai, sauka, kai, bari" da muryar da ko ɗan tsako ba za ta kora ba.

Shekarun da nake nufi su ne daga yaye zuwa wajen shekara huɗu, lokacin da ƙafa ta yi ƙwari, baki ya fara buɗewa, hankali kuwa bai iso ba tukuna. A tsakanin nan ne ake jefa wayar Baba cikin randa. A nan ne ake juye sukarin shayi cikin toka, a kwashe takalman baƙi daga ƙofar zaure a kai bayan rumbu, a kwance wa jar akuya igiya ta je ta afka wa hatsin da Inna ta shanya. Mai shago ya san tasa: ka juya ka ba mai saye canji, kafin ka waigo an zuba maka tiyar wake cikin buhun hatsi, ana kallonka ana washe haƙora huɗu, ana jiran a ce an yi aiki.

Wanda ke son ganin abin nan da idonsa ya tsaya bakin hanya ranar Lahadi da hantsi, sa'ad da amalanke ke shigowa kasuwar Tasawa daga ƙauyukan Maijirgi da Urafan, ko ranar Litinin ta Mayahi. Ba za ka rasa mutum guda da ya ɗoro ɗansa tsakanin ƙafafunsa ba. Uban na riƙe da igiyar sa, yaron ya kama wutsiyar igiyar da hannu biyu, ya haƙiƙance shi ke tuƙi, yana yi wa sa tsawa da kalmomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Can sai ya cire takalminsa ɗaya ya wurga ƙasa, don kawai ya ga abin da zai faru. Uban ya tsai da sa, ya sauka, ya taka cikin rairayi ya ɗauko, ya kakkaɓe, ya sa masa. Ba a yi nisa ba a wurga ɗayan. A cikin kasuwa an saya masa ƙosai ya ba kare rabi, an saya masa rake ya kasa ɓarewa ya fashe da kuka, uban ya tsuguna ya ɓare masa da haƙoransa. Da yamma a koma gida yaron na barci bisa buhu, rigar uban a lulluɓe da shi.

Da dare kuma labarin ya iso fada. "Wallahi yaron nan nawa sai addu'a," in ji shi, yana girgiza kai. Duk wanda ke wurin ya san yabo ne. Sai wani ya karɓe da na ɗiyarsa wadda ta shafe fuskar ƙanenta da man kaɗe da toka, wani ya kawo na jikansa. Shayi na farko har na uku ana kan ɓarnar yara, ana dariya har da hawaye.

Abin da ke rufe mana baki a waje kunya ce, kuma ni ban ga laifinta ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban manya, sai dai a ce "yaron nan" ko "wancan". Girmama iyaye ne: kana nuna musu cewa ɗan nan nasu ne kafin ya zama naka. Shi ya sa wasan fili ya koma hannun kakanni. Kaka ta kira jikanta maigida, ta ce ya kawo kuɗin cefane. Kaka namiji ya kira jikanyarsa amarya, ya ce tuwonta ba gishiri. Uba sai ya jira. In aka zo kan na huɗu da na biyar kunyar ta fara sassautawa, kafin a kai ga auta ta saki gaba ɗaya, shi ya sa auta ke hawa inda yayyensa ba su taɓa hawa ba. Sai dai kunyar nan ta jawo mana hasara guda: abin da ba mu faɗi a fili, ba wanda ya rubuta shi, ba wanda ya zana shi.

Wani mushen lakkwal da muke shan shayi tare ya taɓa zuwa da ɗan littafi da ya sayo wa ɗiyarsa a Maradi. Na Faransanci ne, Petit Ours Brun, labarin wani ɗan beyar da Faransawa ke bugawa tun 1975 a mujallar yara ta Pomme d'Api. Littafin ya zaga hannu hannu har ya kai ga dattijon fadar, ya nisantar da shi daga idonsa ya duba.

"Mushe, wannan kura ce ko kare?"

"A'a, Baba, dabbar ƙasar sanyi ce."

"To me yake yi haka?"

"Ƙiriniya, Baba. Ga babansa nan yana fama da shi."

Dattijon ya buɗa shafi na gaba, ya buɗa na gabansa, ba tare da ya karanta ko harafi ɗaya ba, ya kai ƙarshe yana murmushi. Sannan ya miƙa littafin ya ce, "Ashe su ma suna fama. To Mushe, mu ina namu?"

Tambayar ta dace, don kuwa a wasu ƙasashe irin wannan labari sana'a ce guda. A Jamus, tsakanin 1934 da 1937, wani mai zane Erich Ohser ya yi ta fitar da hotunan wani uba mai sanƙo da gashin baki da ɗansa ɗan fitina, Vater und Sohn, kusan babu rubutu a ciki, kuma har yau ana sake buga su. A Amurka, a 2004, Mo Willems ya fitar da Knuffle Bunny: uba ya tafi wurin wanki da ƴar ɗiyarsa wadda ba ta fara magana ba, aka manto abin wasanta a can, ta yi ta ihu a hanya, uban ya kasa gane abin da take nufi. Iyakar labarin ke nan, amma ya ci lambar yabo, iyaye suka yi ta saye saboda kowa ya ga kansa a ciki. Kusa da mu, Marguerite Abouet ƴar Kodebuwa ta fara Akissi a 2010, labarin wata yarinya marar ji a unguwannin Abijan. A 2017 kuma Atinuke, haifaffiyar Najeriya, ta fitar da Baby Goes to Market: jariri a goye a bayan uwarsa cikin kasuwa, ƴan kasuwa na miƙa masa ayaba da lemu, yana cin ɗaya yana jefa saura cikin kwandon da ke kan uwar, ita ba ta sani ba. Wannan kam kamar a kasuwar Kanambakashe aka ɗauko shi, sai dai da Turanci yake, kuma uban ba ya ciki.

Ka duba duk labaran nan, ba wanda ya fi na takalmin da aka wurga daga amalanke. Kayan aikin muna da su jibge, kullum ana ƙara mana sabo.

Ba kuma a ce ba mu da abin ba yara ba. Muna da tatsuniya, da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma Gizo ai uban ƴan ƙiriniya ne. Amma tatsuniya ta dare ce, a ɗakin kaka ko a tsakar gida wurin mata, uba yana can waje. Muna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam da aka fara bugawa a Zariya a 1937, wanda iyayenmu da yawa suka karanta ko aka karanta musu, sai dai na wanda ya riga ya iya karatu ne. A nan gida Nijar Bubu Hama ya rubuta wa yara littattafai tare da Andrée Clair a farkon shekarun 1970, da Faransanci. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, cibiyar INDRAP ta yi ta shirya littattafan aji, a farkon shekarun 2000 aka kafa gidan ɗab'i na Albasa da tallafin Jamusawa, ga kuma gidan ɗab'i na Gashingo a Yamai da ke buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Aiki ne na a yaba. Amma ƙarfinsa ya tafi ga yaron da ya riga ya shiga aji. Ɗan shekara biyu da uku, wanda ke gida yana bin ƙafar babansa, ba a cika tunawa da shi ba.

Je ka tabarmar mai sayar da littattafai ranar kasuwa ka gani. Za ka samu Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, Allah Ya ƙara musu albarka. Za ka samu littattafan soyayya da aka kawo daga Kano, da kaye da bik na ƴan lakkwal. Ka ce a ba ka littafin hoto na yaron da bai fara magana sosai ba, mai tabarmar zai dube ka ya sake tambayarka abin da ka ce.

Wani zai ce, yaron da ko sunansa bai iya faɗi daidai ba, me zai yi da littafi? A nan ne nake ganin muna yi wa kanmu ƙwange. A ƙidayar 2012 gundumomin Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan, kuma a ƙasar nan kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Mafi yawan yaran nan ranar da suka shiga ajin farko, wato CI, ita ce ranar farko da aka ɗora musu littafin boko a hannu, kuma cikin harshen da ba a yi a gidajensu. Binciken PASEC na 2014 ya nuna wajen tara cikin goma na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin karatun da ake buƙata ba. Dalilan suna da yawa, daga cunkoson aji har zuwa rumfunan zana da iska ke kwashewa. Amma ɗaya daga ciki yana cikin gidajenmu, kuma shi ne wanda hannunmu ke kaiwa.

Yadda littafin hoto ke aiki ba wani sirri. Shafuka ne kaɗan, hoto babba, jimla ɗaya ko biyu a ƙasa. Ka zaunar da yaro a cinya ka buɗa. Ka nuna ka ce, "Mene ne wannan?" Ya ce akuya. "Me ta ci?" Ya ƙyalƙyale da dariya, don ya san wa ya kwance ta. Gobe ya kawo maka shi da kansa, jibi ma haka, har ya haddace, har ya fara gyara maka in ka tsallake shafi. Ba ka koya masa baƙi ko wasali ba, amma ya gane cewa littafi na da farko da ƙarshe, cewa ana buɗa shi shafi bayan shafi, cewa ƴan baƙaƙen zanen nan na ƙasan hoto magana ce a ajiye, kullum ita ce ba ta sauyawa. Ya kuma ƙaru da kalmomi, don hira ake yi da shi ana jiran amsarsa. Yaron da ya shiga CI da wannan a kansa ya riga ya wuce wani mataki. Kuma uban ba sai ya yi boko ba. Dattijon fadarmu ya karance littafin Faransawa tas da idonsa kawai.

Sauran uzurorin namu na sani, don a bakinmu nake jin su. Na farko kuɗi. Gaskiya ne, ga wanda ke auna tiya a watan Yuli, jikka guda ba abin wasa ba ce. To amma fada tana tara kuɗin shayi da sukari kullum ba fashi. Matanmu sun nuna mana hanya tun 1991, sa'ad da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maradi, da ƴan dalolin da kowace ke zubawa duk mako, har tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Fada guda ta sayi littafi biyar, su riƙa kwana gida gida, me zai gagara? Na biyu, a ce yaro zai yaga. Zai yaga mana, zai ma tauna. Shi ya sa na ƙanana ake yinsu da kwali mai kauri, wanda ya yage kuma a liƙe.

Na uku shi ne maganar hoto, kuma wannan ba a yi mata gaggawa a ƙasar malamai irin tamu. Kowa ya tambayi malaminsa. Abin da dai ya tabbata a hadisi shi ne Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsanarta na wasa a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen sassauta abin wasan yara da abin koyar da su. Game da ɗaukar yaro kuwa, ai ba mu da abin jin nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. An ruwaito jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba yabonsa aka yi ba. Duk wanda auta ya taɓa hawa bayansa yana nafila a gida ya san wannan hali, ya kuma san yadda zuciya ke yin taushi a lokacin.

Akwai kuma ci-rani, wanda shi ne ya fi taɓa ni. Da an ɗaure damman hatsi an sa a rumbu, garuruwanmu sai su koma na mata da tsofaffi da yara. Maza sun yi Kano, sun yi Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu wuraren haƙar zinariya. Mutum ya bar yaro yana rarrafe, ya dawo gab da shuka ya tarar da shi yana gudu. Ya miƙa masa hannu, yaron ya ruga ya ɓuya bayan zanen uwarsa, yana leƙen baƙo. Ba mai faɗin zafin wannan a fada, amma kowa ya san shi. Alewa da sabuwar riga na jawo yaro na ɗan lokaci. Abin da ke zaunar da shi a cinya har ya saba da ƙamshin jikinka da muryarka shi ne abin da za ku duba tare, ku yi dariya tare, gobe ya nemi a sake. Ko daga can nesa ma, masu aiko da saƙon murya ta WhatsApp suna iya ba da labarin shafi shafi, uwar na buɗa masa a nan. Masu babbar waya kuma su leƙa African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014: labaran yara ne masu hoto kyauta cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa.

Mun ma riga mun saba da zaman maza a kan sha'anin gida. Makarantar mazaje da aka faro a jihar Damagaram da taimakon UNFPA, ta kuma iso jiharmu, ta sa magidanta suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita, abin da a da ake ganin ba ya fitowa daga bakin namiji. Wanda ya iya wannan zama, buɗa littafi da ɗansa ba zai yi masa nauyi ba.

Littafin da nake so in gani ba sai an je da nisa ba. A zana uba da rigarsa ta gona da hular kaba, da gawo a tsakiyar gona, da goruba irin ta Gulbin Kaba, da jar akuyar Maradi, da randa da murhun shayi. A zana yarinya ma, don ɗiya mace ba ta gaza namiji ɓarna ba, kuma ta fi shi iya narkar da uba. A bar ɓarnar ta zama ɓarna ta gaske, uban ya ɓata rai ta gaske, sannan a ga yadda aka shirya, ba da bulala ba. Kada a cika shi da wa'azi, yaro ɗan shekara uku labari yake so. A rubuta shi da Hausar da ake yi a gidajenmu, a ce hatsi, a ce gujiya, a ce ɗiya. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, to a fara mata da masu koyon magana.

Masu zane muna da su, su ne ke zana allunan masu aski da bayan manyan motoci da ke bin hanyar Maradi zuwa Damagaram. Masu rubutu muna da su, kowace lakkwal akwai mushe ko madam da ke iya tsara jimla goma masu daɗi. Labari kuwa sai dai a zaɓa. Mushe, ka zo fada da kaye da bik, mu za mu ba ka na takalmi da na randa da na akuya, ka rubuta, a kai wa mai zane, a aika wa masu ɗab'i a Yamai ko Zariya. Ku kuma ƴan'uwana magidanta, ranar da littafin ya iso kasuwar Tasawa, kada mu tura shi cikin gida mu ce a ba uwarsa. Mu shimfiɗa tabarma a zaure, mu kira yaron, mu buɗa masa da hannunmu.